Koyon kwalliya a Abuja, daga Mararaba zuwa Wuse 2

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Alhamdulillah na sauka lafiya. Mun bar Jos wajen ƙarfe 8 na safe sanyi kamar ya fasa ƙashi, muna gangara Hawan Kibo na cire rigar sanyi ta sama, kafin Akwanga na cire ta cikin ma, daga Keffi kuwa zufa ce kawai. A Mararaba Gwaggo ta turo yaronta ya tarye ni ya ɗaukar min akwati. Ɗaki ɗaya zamu zauna ni da 'ya'yanta mata biyu.

Gobe in Allah ya kai mu zan fara makarantar kwalliya, wata 4 ne, kuɗin dubu 250. Adashi na shekara 2 nayi da kuɗin lalle da ɗaurin ɗankwali, Yaya ya cika min dubu 60. Abba da kyar ya yarda, sai da ya kafa sharuɗɗa uku, ba kwana a wajen aiki, ba aske wa kowa gira, kuma sallah a kan lokaci. Umma ita bata ce komai ba sai da zan shiga mota tace ki riƙe mutuncinki.

Abin da ya kawo ni shi ne, shekara 3 ina shiga gidajen biki yin lalle a Jos, daga Gangare har Rikkos, kuma na gaji da ganin amarya baƙa kyakkyawa an zaunar da ita awa biyu ta tashi fuska fari fat kamar an barbaɗa mata alabo, wuya da hannu kuma suna nan da launinsu. Hoto ya fito fuskar toka toka. Ta biya kuɗi masu yawa kuma ko uwar da ta haife ta sai ta sake dubawa. Ina so in koyi yadda ake yiwa fatarmu kwalliya ta fito a matsayin fatarmu, shikenan.

Litinin, 13 ga Janairu

Ƙarfe 6 na fito daga gida ban isa Wuse 2 ba sai 8:40. Gosulon Mararaba zuwa Nyanya ba labari bane, mota ta matsa taku biyu ta tsaya, haka har gangaren Kugbo, sai an wuce AYA ake ɗan numfasawa. Mutum huɗu a baya biyu a gaba. Kuma cikin gari babu acaɓa, tun 2006 lokacin El-Rufai yana minista aka hana su, don haka in ka sauka a inda ba daidai ba sai dai ka taka. Na taka kam.

Mu 11 ne a aji, Hausawa mu 4, sauran Yarbawa, Ibo da wata 'yar Tibi. Na zata yau zamu fara shafe shafe, ashe ko kala ɗaya malamarmu bata bari mun taɓa ba. Tsafta kawai. Yadda ake wanke burushi da sabulu mai laushi a shanya shi a kwance, don in ka tsayar da shi ruwa zai gangara ya sassauta gam ɗin da ya riƙe gashin. Yadda ake fesa sifirit mai kashi 70 a kan hoda da jagira tsakanin mutum da mutum. Jan baki ba'a ɗora shi kai tsaye a leɓen kowa, a kankaro kaɗan a zuba a ɗan faranti. Maskara kuma da tsinke na yarwa, tsoma ɗaya, kuma in an buɗe ta tayi wata 3 a jefar ko da saura. Tace mai kwalliya ɗaya tana iya raba wa ƙawayen amarya goma afolo a safiya ɗaya. Na tuna wani biki da aka yi wa mutum kusan 15 da soso ɗaya a gabana, jikina yayi sanyi.

Juma'a, 24 ga Janairu

Sati biyu a kan gira. Muna zana ta a takarda, sannan a fuskar juna, a goge a sake.

Ranar Talata malama ta raba reza tace kowa ta gyara wa abokiyar zamanta. Na tashi na same ta gefe nace Anti ni ba zan aske ba, na yiwa mahaifina alkawari, kuma yawancin waɗanda zan yiwa aiki a gida ba za su yarda ba saboda hadisin da ya hana tsige gira. Na zata za ta yi faɗa. Sai tace rabin kwastomominta 'yan Arewa ne ta san zancen, amma in sani aikina zai ninka. Ta nuna min, a taje gashin sama da jel a jira ya bushe sosai, a cike inda babu gashi da jagira siririya ana jan layi ƙanana kamar gashi, sannan a bi ƙasan girar da konsila, wato man rufe tabo da duhun fata, da burushi mai faɗin baki a rufe gashin da ya fita layi. Sirrin kada konsilar tayi haske da yawa, in tayi sai ka ga wani farin zobe ya zagaye gira. Minti 25 nake ɗauka, masu reza minti 10. Ban damu ba, hannu zai saba.

Hunturun nan ma darasi ne. Fatar kowa ta bushe, in baka shafa mai mai laushi ka jira ya shiga ba fandeshan, wato man kalar fata da ake shafe fuska da shi, sai ya dinga tsattsagewa a gefen hanci da baki. Malama tace rabin kwalliya kafin a buɗe kwalbar kala ake yin shi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mun je kasuwar Wuse haɗa akwatin aiki ni da wata 'yar ajinmu 'yar Kaduna. Na shiga da dubu 85 ina ganin na riƙe kuɗi. Dala tana sama da naira 1,500, kwalbar fandeshan ɗaya ta waje ta asali sai ta kusa cinye mafi ƙarancin albashi, dubu 70 ɗin nan. Wani mai shago ya nuna min fandeshan ɗin kamfanin Fenty yana ta bayani, ni dai na san labarinta, a 2017 suka fito da kala 40 lokaci ɗaya shi ya sa sauran kamfanoni suka farka suka tuna akwai baƙaƙen mata. Na riƙe kwalbar na duba na mayar masa.

Na koma kan na gida. Zaron da House of Tara an yi su ne don fatarmu, kuma aljihu yana iya ɗauka. Shawarar malama na bi, kada ɗaliba ta sayi kala 12, ta sayi 3, mai duhu sosai, matsakaici da mai haske, sauran a haɗa a faranti. Na ƙara konsila 3, hoda mai ruwan ƙwai, falet ɗin ido guda ɗaya mai kalar ƙasa ƙasa, gam ɗin gashin ido, soso 4, saitin burushi. Saura dubu 2 da ɗari 3 na dawo da shi, kuɗin mota ya cinye rabi. Fitilar zobe ta haska fuska sai wani lokaci.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Wannan satin shi ne abin da na zo nema, don haka bari in rubuta shi dalla dalla kada in manta.

Duhu ko haske ba shi kaɗai bane launin fata. Akwai wani launi a ƙarƙashi, wata fatarta tana ɗaukar ja, wata ruwan ƙwai kamar zinare, wata tsaka tsaki. Mata biyu duhunsu ɗaya amma abin da ya zauna wa ɗaya sai ya mayar da ɗayar toka. Tokar nan da nake gani a Jos abu biyu ke kawo ta, an sa kala mai haske fiye da fatar, ko an sa mai ɗaukar launin ruwan hoda a kan fata mai ɗaukar ja. Ba'a gwada kala a bayan hannu, a muƙamuƙi ake ja layi uku a gangaro wuya, a duba ƙirji ma tunda amarya ba lulluɓe take ba ranar dina, wanda ya ɓace cikin fata shi ne. Kuma a jira minti 10 domin wasu fandeshan ɗin suna ƙara duhu in sun sha iska da maiƙon fuska. A bakin taga ake dubawa ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba.

Duhun ƙasan ido da gefen baki, wanda yawancinmu muke da shi, in ka danna masa konsila mai haske kai tsaye toka zai koma. Sai an fara shafa konsila mai launin ruwan lemo kaɗan ya kashe duhun sannan a ɗora kalar fata. Na ga wannan da idona na kusa yin ihu a aji wallahi. Sai kuma hoda, farar hodar nan mai santsi da ido bata nuna komai amma filashin kyamara yana dukanta take dawo da haske, shi ne kake ganin amarya a hoto ƙasan idonta fari tas. Don haka kafin kwastoma ta tashi a ɗauke ta hoto da filashi a ɗaki mai ɗan duhu.

Yau na gwada a kan babbar 'yar Gwaggo, baƙa ce sosai mai ɗaukar ja. Sau huɗu ina haɗawa a faranti kafin ya zauna. Da na gama Gwaggo ta leƙo tace to ai baki sa mata komai ba sai ido da baki, alhali fandeshan har wuya. Ban taɓa jin daɗin magana irin wannan ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Lissafi na zauna nayi daren nan. Mota zuwa da dawowa tana cin kusan dubu 2 da ɗari 5 kullum, ranar da aka tashi da ƙarancin motoci ta haura. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 Gwaggo tace kuɗin motar nan bai sake sauka ba, lita tana neman dubu. Data ma ta tashi wannan watan, kuma dole in kalli bidiyo in tura hotunan aiki. Abinci a Wuse 2 ba na ɗalibi bane, ranar farko na tambayi faranti ɗaya na shinkafa na fito salin alin, tun daga nan a kula nake zuwa da nawa, ɗumamen tuwo ko taliya da manja, mu huɗu muke haɗawa mu ci a bayan situdiyo.

Jiya wata 'yar ajinmu bata zo ba, ashe 'yan wan cans, ɓarayin nan masu fashi da motar haya, ne suka ɗauke ta da yamma, suka karɓe waya suka sa ta tura abin da ke asusunta suka yar da ita a gefen titi. Tana raye alhamdulillah amma hannunta ya gurje. Yanzu bana shiga motar da ta tsaya min ita kaɗai a hanya, sai inda ake lodi, ko da zan ƙara ɗari 2, kuma ina tura wa Gwaggo lambar mota. Ban gaya wa Umma ba tukuna.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Bikin farko da malama ta tafi da ni, riƙe jaka da miƙa burushi. Kowa yana sauri ya ɗaura kafin azumi, ita kaɗai amare uku gare ta wannan satin. Wani gida ne a Gwarinpa, mun isa 11 na safe za'a yi kamu da la'asar.

Amaryar na cire mayafi na gane abin da ake ciki. Ta yi shafe shafen bilicin na gaggawa saboda biki, fuskar tayi ja ja kamar an ɗaye, jijiyoyi kore sun fito a kumatu, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, kala uku a jiki ɗaya. Tana ta cewa fuskarta na zafi. Malama bata ce mata uffan a gaban mutane ba, ta dai canza komai, ta ajiye firaimar da ta saba, wato abin da ake shafawa kafin fandeshan, ta shafa mai mara ƙamshi, ta daina jan burushi sai dannawa da jiƙaƙƙen soso a hankali, ta haɗa kala daban na goshi daban na kumatu. Awa biyu da rabi. Da ɗakin ya ragu ta durƙusa kusa da ita tace ƙanwata bayan biki ki je ki ga likitan fata, ki daina man nan.

A mota take gaya min yawancin haɗin da ake sayarwa a roba ba suna akwai sitiroyid a ciki ko haidurokwinon ko ma makyuri, sitiroyid shi ke sa fata tayi siriri har jijiya ta bayyana, makyuri kuma har ƙoda yake taɓawa. Tun 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne hoton yarinyar na da da na gani a bangon falo, wankan tarwaɗa ce mai kyau, babu abin da ya same ta. Wa ya ce mata bata isa ba? Dilka da halawa da kakanninmu suke yi gyara fata suke su sa ta sheƙi, ba ɗaye ta suke ba.

Ni na ɗaura wa ƙawaye 6 ɗankwali, nan kam hannuna ya riga ya faɗa tun Jos. Malama ta bani dubu 5.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi yau. Zafin Abuja ya fara gaske, ga ba wuta tun jiya. An rage mana lokaci zamu dinga tashi ƙarfe 2 don mu tsallake gosulo kafin shan ruwa. Wannan watan ido ne, haɗa kala a fatar ido da saka gashin ido.

Laraba, 12 ga Maris

Na yi kuskure kuma ba ƙarami ba. Fandeshan ɗina mai duhu ya kusa ƙarewa, sai naga wata tana tallan irin na waje a waya dubu 6, tace ragowar kaya ne take karyarwa. Zuciyata ta gaya min kuɗin yayi araha da yawa amma na saya. Daren Lahadi bayan tarawi na shafa wa ƙaramar 'yar Gwaggo, ko minti 20 ba'a yi ba ta fara susa, da safe fuska ta feso da ƙuraje ƙanana ido ya ɗan kumbura. Muka je kemis aka bata magani, yau ya fara lafawa. Gwaggo bata ɗaga murya ba, cewa tayi da 'yar mutane ce fa, ranar aurenta? Da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Na kai kwalbar aji malama ta ajiye ta kusa da ta asali. Rubutun jabun ya ɗan yi kauri, lambar da ke gindin kwalba bata yi daidai da ta kwali ba, yana warin fenti, kuma in ka bar shi mai yana tasowa sama. Daga yau duk sabon abu sai na shafa kaɗan a bayan kunne ko cikin hannu an kwana an gani, kuma duk kwastoma sai na tambaye ta ko akwai abin da fatarta bata so, har gam ɗin gashin ido don wasu basa jure roban da ke ciki.

Zancen ya kai mu kan lalle, nan kuma ni abin ya shafa kai tsaye. Baƙin lallen da nake zana wa mutane shekara 3, sinadarin rinin gashi ne a ciki wanda ake kira PPD, shi ne yake sa wasu hannunsu ya tashi ya yi ruwa ya bar tabo daidai zanen. Na taɓa ganin haka sau biyu na ɗauka jininsu ne. Jan lalle na ganye ba ya haka. Har kwallin dutse da ake sa wa jarirai an sha samun dalma a ciki. Na kira Umma na gaya mata saboda jaririn Yaya.

Litinin, 31 ga Maris

Barka da sallah. Jiya aka sauko idi, karo na farko da nayi sallah ba a gida ba, kuɗin motar Jos zuwa da dawowa ya fi ƙarfina. Da na kira naji muryar ƙannena suna rigimar naman kaza sai da na shiga bayi nayi kuka.

Amma na samu kuɗin hannuna na farko a kwalliya. 'Yan matan layinmu 7 na yiwa, dubu 3 kowacce, daga bayan idi har la'asar, yau ma 4. Tambayar da kowacce take yi ita ce alwala. Ni dai abin da nake cewa, yi alwalarki kafin ki zauna, in ta karye kuma lokacin sallah yayi to a wanke, duk abin da ya hana ruwa taɓa fata ba'a wasa da shi, kwalliya ana sake ta. Shi ya sa na sallah nake yin shi mara nauyi wanda sabulu zai fitar nan take. Wata ta dawo bayan azahar na sake mata ban karɓi komai ba.

Zufa ce babbar matsala. A irin zafin nan hoda da yawa ba ta taimako, dunƙulewa take. Shafi siriri siriri, a danne da soso, a fesa abin riƙe kwalliya tsakanin shafi da shafi, sannan a bata tishu tana dannawa ba gogewa ba. Dubu 33 na tara, na sayi fitilar zobe mai caji.

Asabar, 12 ga Afrilu

Amaryata ta farko ni kaɗai. 'Yar maƙociyar ƙawar Gwaggo ce a Karu, ba masu hali bane, mun yi dubu 25 da ɗauri. Daren jiya ban yi barcin kirki ba, na wanke burushi na jera na sake jerawa.

Yarinyar baƙa ce mai santsin fata, irin wadda ko tabo babu. Ina haɗa kala a faranti babbar ƙawarta ta leƙo tace a'a, wannan ai kalarta ce, mu so muke ta fito, ki sa mata mai haske ta haska. Sauran suka ɗauka, ɗaya har da nuna min hoton wata a waya wadda kowa ya san filta ce ta gyaran hoto aka sa mata. Yayar mamanta ma ta shigo tace 'yar nan ki yi abin da aka ce miki mana ai biyanki za'a yi. Hannuna har rawa yake. Amaryar kuwa kanta a ƙasa bata ce komai ba, kuma ita ce mai fuskar.

Nace Hajiya ku yi haƙuri ku bani minti 10. Na raba fuskar biyu, dama na sa kalarta, hagu na sa wanda suke so, na ja labule na ɗauki hoto da filashi na miƙa wa amaryar wayar, ita ba su ba. Ɓangaren hagu ya fito toka, ga layi a muƙamuƙi inda fuska ta rabu da wuya kamar an ɗora abin rufe fuska. Ta daɗe tana kallo sannan a hankali tace Anti ki yi min na daman. Na goge na fara daga farko. Hasken da suke nema na bashi a inda ya dace, tsakiyar goshi, ƙasan ido, karan hanci da haɓa, da konsila wadda ta ɗara fatarta haske kaɗan, na sa zinare a ido da ɗan sheƙi a saman kumatu, jan baki kalar ƙasa da jagira mai duhu a gefe. Girarta ko gashi ɗaya ban cire ba.

Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Babbar ƙawar har na fito tana cewa da wata aka kira da amarya tafi haka fitowa, kuma cikin ƙawayen biyu sun fasa yi a wajena. Dubu 20 aka bani aka ce sauran sai bayan biki. Amma da aka ɗaura mata gwaggwaro ta miƙe, kakarta ta kama haɓarta tana kallo tana ta sa albarka tana kiran sunanta. Awa biyu da minti 15 na ɗauka, yayi yawa, kuma gashin idon hagu ya ɗan ɗaga a lungu sai da na sake manna shi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Jarabawa. Awa ɗaya da rabi, cikakkiyar kwalliyar amarya da ɗauri, kuma malama ce take zaɓa maka fuska ba kai ba. Wata fara sol ta bani mai maiƙon fuska, da gangan, tace ta lura na fi sakewa da baƙar fata kuma mai kwalliya bata zaɓen wanda zai zauna a kujerarta. Gaskiyarta. Na gama saura minti 4. Na samu 78 cikin 100, haɗa kala da gira ta bani cikakke, gashin ido ta cire min da yawa, har yanzu bana jira gam ɗin yayi danƙo kafin in ɗora, daƙiƙa 30 ɗin nan gani nake kamar ɓata lokaci ne. Muna fitowa hadari ya haɗo aka tsuge da ruwa, na rungume akwatina a ƙarƙashin hijabi har bakin titi.

Asabar, 10 ga Mayu

Shekaranjiya aka bamu satifiket. Cikin mu 11, 9 muka gama.

Malama ta kira ni ofis tace in ina so in zauna in zama mataimakiyarta wata 6, za ta dinga bani dubu 40 a wata ban da abin da zan samu in mun fita biki. Kwana biyu ina juya maganar. Kuɗin mota kaɗai zai cinye ya nemi ƙari, ga ɗakin Gwaggo da muka matse su wata huɗu duk da bata taɓa nuna min a fuska ba. A gefe guda kuma akwai abubuwan da ban iya ba, fatar manya mai tattara, gyaran tabon ƙuraje masu zurfi, da sauri, kuma a Abuja ne ake ganin aiki iri iri. Na kira Abba yace in dawo in yi babbar sallah a gida tukuna sannan a zauna a yi magana. Na gaya wa malama haka tace ƙofa a buɗe take har ƙarshen Yuni.

Dubu 5 ɗin Karu an turo min jiya ban ma tambaya ba, tare da hotunan biki, kuma ƙanwar angon tana so in mata nata a watan Agusta.

A Jos kuma Umma ta riga ta karɓar min aiki biyu bayan sallah, ɗaya a Unguwar Rogo ɗaya a Bukuru. Can damina sanyi ne da danshi ba zufar nan ba, don haka sai na rage hoda na ƙara mai, zan gwada a fuskar ƙanwata kwana biyu kafin ranar. Kafin in tafi ranar Laraba akwai fandeshan mai duhu da zan sake saya a shagon da malama ta nuna min, gam ɗin gashin ido mara roba, da tsinken maskara fakiti biyu. Na kuma ce Umma ta gaya wa iyayen amaren tun yanzu, bana aske gira, baƙin lalle na daina, kuma kalar amarya zan sa mata. Ta Bukurun ta amsa, ta Unguwar Rogo tace sai ta ga hotunan aikina, na tura mata na Karu da daren nan.